Mai Usur da Yaron da Ke Zuwa na Ƙarshe

A gidan kallon ƙwallo ba a ɓata lokaci wajen yanke wa koci hukunci. In ya ci kofi gwani ne. In aka ci shi wasa uku a jere, bai san aikinsa ba, a kore shi. Haka matasa ke shari'a a kan benci, kuma haka manyan da ke riƙe da hukumar ke yi a ofis. Marigayi Shu'aibu Amodu sau biyu yana sama wa Super Eagles gurbi a gasar cin kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyun kuma ana karɓe ƙungiyar daga hannunsa ana saura 'yan watanni a tafi, bayan ya zo na uku a gasar Afirka. Stephen Keshi ya kai Togo gasar 2006, abin da ƙasar ba ta taɓa gani ba, shi ma aka sallame shi kafin a hau jirgi. Mutanen biyu sun rasu a watan Yunin 2016, kwana uku tsakani, sannan aka tashi yabonsu.

To, waɗannan manya ne, ana iya auna su da kofi ko da ma'aunin bai yi musu adalci ba. Amma galibin masu rataye usur a ƙasar nan ba za su taɓa shafa kofin da jarida za ta buga hotonsa ba. Malamin wasanni ne a sakandare, ko wani tsohon ɗan ƙwallo da ke tara yaran unguwa bayan la'asar, ko sojan da ya yi ritaya yana jan matasa gudun asuba. Da me za a auna irin waɗannan? Ni abin da nake dubawa ɗaya ne. In an sa yara zagaye fili, ba na kallon wanda ya zo na ɗaya, don shi ko babu koci zai yi gudu. Na ƙarshen nake kallo, mai haki, mai riƙe da ciki, wanda sauran ke yi wa dariya. In ya dawo gobe, kuma bayan shekara yana nan, to mai usur ɗin ya san aikinsa.

Mu da muka yi makarantar kwana a shekarun 1970 da 1980 mun tarar da wasa wajibi ne. Ana idar da sallar la'asar za a buga ƙararrawa, kowa ya sa gajeren wando da kambas ya fita. Wanda aka kama ya ɓuya a ɗakin kwana ya shiga uku. Akwai masu ƙwallon ƙafa, da masu ƙwallon raga, da masu ƙwallon hannu, da masu jifan mashi da dalma, da masu tsalle. Sau ɗaya a shekara a yi gasar gidaje, a shafa farar ƙasa a fili, a gayyato hakimi da baturen ilimi. Ranar gudun yada-ƙanin-wani kuwa babu wanda ake ɗaga wa ƙafa, daga ɗan aji ɗaya har shugaban ɗalibai, kowa sai ya ratsa gonaki ya dawo, kuma ko na nawa ka zo ana ba gidanku maki. Wannan ƙaramar doka ta yi aiki fiye da yadda muka gane a lokacin. Tun da na ƙarshe ma yana da maki, dole a kula da shi. Shugaban gida zai koma baya ya taro shi, yana lallashi yana zagi, har ya ƙaraso.

Tsarin yana da asali. Tun a Kwalejin Katsina a shekarun 1920 ake haɗa karatu da wasa, kuma a can ne Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a fives, wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu ana buga ta a bango, wanda har ya zama Firimiya bai daina ba. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Gowon ta kafa gasar wasanni ta ƙasa a 1973 don a haɗa kan matasa, Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977. Daga filin makaranta a zaɓi yaro zuwa ƙungiyar ɗaliban jiha, daga nan kulob ya gan shi. Kano na da gasar Ramat Cup ta yara, wadda ake yi don tunawa da Janar Murtala. Ba sa'a ce kawai ta sa Kaduna ta ba tawagar da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 'yan wasa da dama ba, ciki har da Daniel Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal. Sun tashi ne a garin da kowace unguwa ke da fili, kowane fili kuma yana da wanda ke tsaye a gefensa yana kallo.

Kada dai a ɗauka zamanin aljanna ne. Malaman wasanninmu da yawa da bulala suke horarwa, kuma abin da ya fi bulalar ɓarna shi ne mayar da motsa jiki hukunci. Ka makara, tsallen kwaɗo. Ka yi surutu a aji, zagaye fili goma. Ka ɓata ƙwallo, kama kunne. Yaron da ya shekara biyar ana gwale shi da gudu, ranar da ya karɓi takardar kammalawa ranar ya yi ban kwana da gudu har abada. Na san tsararrakina da dama da ba su sake ɗaga ƙafa ba sai da likita ya auna su ya ce hawan jini ne ko suga, ya umarce su da tafiyar safe. Ga kuma maganar ruwa. An yi imani a lokacin cewa shan ruwa ana tsakiyar atisaye yana sa ciwon ciki, kuma alamar ragwanci ne. Sai a hana yara sha a cikin zafin Afrilu, a ƙasar da ma'aunin zafi ke haura 40 a Sakkwato da Maiduguri. Alhali mai gudu a irin wannan rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya ko biyu a awa guda, kuma da zarar ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ƙarfinsa ya fara raguwa, hankalinsa ma haka. Sai a 2014, a wasan Holand da Meziko a Fortaleza, aka fara tsayar da wasan cin kofin duniya a hukumance don 'yan wasa su sha ruwa su huce. Mu kam Allah ne ya kiyaye mu.

Babu kuma wanda ke auna lafiyar yaro kafin a sa shi a fili. Ranar 12 ga Agustan 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Legas ana wasa da Angola, yana ɗan shekara 25, bai tashi ba. Zuciyarsa ce. In ɗan wasan ƙasa zai iya shiga fili da irin wannan ciwo ba a sani ba, ina ga ɗan makarantar ƙauye? Duk da haka, da bulalarsu da ƙarancin saninsu, tsofaffin malaman nan suna da abin da ya yi wuya yanzu. Suna kallon kowa. Namu yana iya hango ɗan ɗingishin da kake ɓoyewa daga wancan ƙarshen fili, ya kira sunanka da na garinku, ya ce ka fito ka zauna. Albashinsa ba ya ƙaruwa in ka yi fice, ba ya raguwa in ka zo na ƙarshe, saboda haka babu abin da ke karkatar da idonsa.

Abubuwa biyu suka rusa wannan, kuma kusan tare suka zo. Na farko makarantar ce ta canza. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo da yara, abin alheri, amma azuzuwa ba su isa ba. Sai tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya, kuɗin ƙwallo da raga suka zama abin da ake fara yankewa. Makarantun kwana da yawa suka koma jeka-ka-dawo, wasu har da 'yan safe da 'yan yamma, lokacin wasa ya ɓace. Filin kuwa aka gina azuzuwa a gefe ɗaya, aka jera shaguna a gefen titi. Makarantun kuɗi suka tsiro a gidajen haya, inda tsakar gidan ba ta isa a yi langa ba balle ƙwallo. Darasin motsa jiki bai mutu ba, ya dai koma kan allo. Yau akwai yaron da zai rubuta maka tsawo da faɗin filin ƙwallon raga daidai, ya ci jarrabawa, bai taɓa riƙe ƙwallon ba.

Na biyu ƙwallo ce ta zama hanyar arziki. A 1985 yaran Najeriya ƙarƙashin Sebastian Brodericks suka ci gasar duniya ta matasa a Sin, suka doke Jamus ta Yamma da ci biyu. Daga nan idon dillalan Turai ya juyo. Tauraron ɗan'adam ya kawo gasar Ingila da ta Sifaniya har lungu, gidajen kallo suka cika. Ga kuma misali a gaban kowa: Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya wuce Holand, ya wuce Rasha da Ingila, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018. Wane uba ne zai ga haka bai yi tunani ba? Sai malamin wasanni ya ja baya, kocin unguwa da mai akademi suka maye gurbinsa. A cikinsu akwai mutanen kirki ƙwarai, masu sayen ƙwallo da kuɗin cefanen gidansu. Amma tsarin kansa ya sauya wa ido alƙibla. Wanda ke fatan wata rana ya sayar da ɗan wasa ya fita daga talauci, a cikin yara arba'in uku yake gani. Sauran cikon fili ne.

Kuma inda kuɗi ya shiga, gaskiya kan sha wuya. Tun a 1989 hukumar ƙwallo ta duniya ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin shekarun haihuwa. A 2009, shekarar da aka yi gasar 'yan ƙasa da 17 a nan gida har Kano da Kaduna da Bauchi suka karɓi wasanni, aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don a ga ko ya gama haɗewa. A 2016 gwajin ya kayar da 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets ana dab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da su. Ana yawan maganar wannan a matsayin abin kunya ga ƙasa. Ni abin da ya fi damuna shi ne abin da yake koya wa yaro. Mutumin da ka fi girmamawa bayan mahaifinka, shi ne na farko da ya ce maka ka rage shekara huɗu. Sannan ga ɗan shekara 15 na gaskiya da aka ajiye a benci don ƙato mai aske gemu ya fi shi ƙarfi. Shi ma ya koyi darasinsa, ya koma gida.

Yaron da ba ƙwallo ce sana'arsa ba fa, wa ke kula da jikinsa yanzu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako, kuma ƙididdigarta ta nuna matasa 81 cikin 100 a duniya ba sa kaiwa. A da, ko babu makaranta, ɗiban ruwa da noma da tafiyar ƙasa suna biyan wannan bashi. Ɗan birni na yau daga gida sai a-daidaita-sahu, daga aji sai waya. In ya tashi neman gyara, wayar ce kocinsa.

Haka ɗan ƙanwata ya fara, a Kaduna, yana aji huɗu na sakandare. Yaro ne mai jiki, mai son littafi da kwanciya, kuma duk lokacin hunturu ƙirjinsa kan riƙe. Abokai suka sa masa suna saboda tumbi. Ga shi kuma ya ƙwallafa rai a kan shiga makarantar sojoji, ya ji an ce akwai gwajin gudu. Sai ya samo wani bidiyo a YouTube da ya yi alkawarin sassaƙa masa ciki a wata guda. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi ta tsalle da dirka a kan siminti. Kafin mako ya zagayo gwiwa ta kumbura, ba ya iya zaman tahiya. Mai bidiyon ba lallai maƙaryaci ba ne, atisayen nasa na gaske ne. Matsalarsa ba ya gani. Bai san nauyin yaron ba, bai ji ƙarar numfashinsa ba, bai san a kan siminti yake ba.

Da gwiwar ta lafa na kai shi wajen wani dattijo da ke horar da yara a filin firamaren unguwarsu, tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya. Na zaci zai ce ya shiga layi. Sai ya zaunar da shi a kan dakali.

"Ɗana, an taɓa auna jininka? AA ne kai ko AS?"

Yaron ya dube ni. "Kawu, ka sani?"

Sai da aka buga wa uwarsa waya. Dattijon ya ci gaba: yana da asma? Akwai wanda ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya a danginsu yana matashi? Ƙarfe nawa yake barci? Me yake ci da safe? Tambayar jinin ba ta banza ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ko da yake mai AS yana wasa lafiya lau, har ya zama zakara, in aka matsa masa da gudu mai tsanani cikin zafi ba ruwa ba hutu yana iya shiga haɗari. Ya ce a kai shi asibiti a duba ƙirjin, in an ba shi abin shaƙa ya riƙa zuwa da shi fili, ya ajiye a inda koci ke gani. Sannan ya ce ya tashi ya zagaya filin da tafiya.

"Koci, gudu na zo koya."

"Na ji. Tafi tukuna."

Makonnin farko tafiya ce kawai, mai sauri, sai ɗan sassarfa na minti ɗaya a koma tafiya. Dattijon kan jera da shi yana jansa da hira, ashe hirar awo ce: muddin yaron yana iya ba da amsa da cikakkiyar jimla, saurin ya yi daidai, in maganar ta fara yankewa, a rage. Yaron ya ji haushi ƙwarai, don ƙananan yara suna wuce shi. Da ya yi ƙorafi, dattijon ya ce masa jiki ginin ƙasa ne, sai sahun da aka ɗora ya sha iska ake ɗora wani, wanda ya yi gaggawa kuma katangar a kansa take faɗowa. Likitoci ma abin da suke faɗa ke nan da nasu harshen. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya buɗe. Jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi kuwa sai sun ɗauki watanni. A wannan tsakanin ne yawancin masu fara gudu ke ji wa kansu ciwo, don ƙirji yana cewa a ƙara, ƙafa ba ta shirya ba. Ƙarfin ma ba a fili yake shiga ba. A fili ana gajiyar da nama ne, a barci da abinci yake gyaruwa ya fi da. Shi ya sa dattijon ya fi yi masa faɗa a kan kwana da waya fiye da makara.

Ya koya masa bambance tsamin jiki da ciwo. Tsami yakan zo washegari ko jibi, ya game cinya duka, ya saki in an motsa. Wannan ba ya hana fita. Ciwon da ke wuri ɗaya, mai suka, wanda ke ƙaruwa in an taka, wannan a tsaya. Ya koya masa kama jijiyar wuyan hannu da asuba ya ƙirga bugun zuciya. Na mai lafiya a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti, kuma yana sauka in jiki ya horu. Wannan ya taimaki yaron fiye da sikeli, domin watanni suka wuce tumbin yana nan, amma lambar tana sauka, yana rubutawa a bayan littafin lissafinsa. Game da tumbin, dattijon bai ɓoye masa ba: babu atisayen da ke narkar da kitsen wuri ɗaya, kuma gudun awa guda bai fi ƙarfin lemon kwalba biyu da fanke ba. Bai hana shi tuwo ba. Ya ce a rage zaƙi, a ƙara wake da ƙwai da ganye, uwar ta ce wannan dai ba ya fin ƙarfinta.

Ana cikin haka yaron ya daina zuwa. Hunturu ya shigo, ƙura ta tashi, ƙirjin ya riƙe, wani daga cikin yaran filin kuma ya ɗauke shi bidiyo yana haki ya tura wa 'yan ajinsu. Kwana kaɗan sai ga dattijon ya yi sallama a ƙofar gida a kan tsohon kekensa. Bai nemi yaron ba, uwar ya nema.

"Hajiya, ɗana lafiya? Na ga wurinsa babu kowa."

Yaron yana ɗaki yana ji. Wannan kalmar, cewa yana da wuri kuma an lura babu kowa a ciki, ita ta fito da shi. Dattijon ya mayar da atisayensa zuwa hantsi a ranakun hutu, lokacin da sanyi ya saki, ya tsawaita masa ɗumama jiki, ranar da ƙura ta yi yawa kuma ya ce ya zauna. Wanda ya ɗauki bidiyon bai sha bulala ba, ba a kuma sa shi tsallen kwaɗo ba. An ɗora masa aikin rakiya: duk zagayen da ɗan ƙanwata zai yi, tare za su yi, da saurin ɗan ƙanwata. Tsohuwar dokar gasar gidaje ce ya dawo da ita ta wata ƙofa. Da azumi ya zo ya rage nauyin aikin, ya mayar da shi dab da magariba don ruwa ya kasance kusa, masu ƙarfi kuma bayan asham.

A wannan filin na ga abin da ya ƙara min ganin girman mutumin. Yana da wani ɗan gaba da duk unguwa ke ji da shi, wanda ake cewa shi ne zai fita waje. Ana saura kwana biyu wasan kusa da na ƙarshe a gasar unguwanni, ya gane yaron yana haɗiyar tiramadol kafin wasa don kada ya gaji. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo take yi, mutum ya yi ta taka ƙafar da ta ce a tsaya, ga kama jiki, ga farfaɗiya in an zarce. Tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa, amma a filin unguwa babu mai gwada fitsari, koci ne kaɗai hukuma. Ya ajiye shi a benci. Aka ci su. Matasa suka yi ta zaginsa, wasu suka ce tsufa ne. Bai kori yaron ba, bai tona shi a bainar jama'a ba, ya dai je ya sami mahaifinsa.

Ɗan ƙanwata ma ya sha tasa gaskiyar. Da jikinsa ya saki, ya fara shiga ƙwallo, sai kansa ya fara hayaƙi, ya ce ko zai gwada akademi. Dattijon ya ce masa, "Ɗana, kai ba ɗan ƙwallo ba ne. Ka yi wasanka don daɗi. Amma kana da juriya, doguwar tafiya taka ce." Ya yi fushi na 'yan kwanaki. Mai akademin da ke karɓar kuɗin fom da ba zai taɓa faɗa masa haka ba, sai dai ya ce saura ƙiris, a kawo kuɗin biza. Yanzu yaron yana zagaya filin har na gaji da ƙirgawa, barcinsa ya daidaita, abin shaƙar yana jaka ba kasafai yake fito da shi ba. Tumbin ya ragu, bai ɓace ba. Ko zai sami makarantar sojojin, wannan yana hannun Allah da jarrabawa.

Na tambayi dattijon ko da can ma haka yake horarwa. Ya yi dariya ya ce ina, shi ma ya yi zamanin bulala da hana ruwa. Kwas ya je a cibiyar horar da masu wasanni ta ƙasa da ke Legas, daga baya kuma duk inda ya ji ana taron koci sai ya je ya zauna a baya, har a gaban yaran da ya haifa. Wannan ma yana cikin abin da nake auna koci da shi. Takardar shaida kaɗai ba ta isa ba, hukumar ƙwallon Afirka tana ba da lasisi hawa-hawa, kuma na ga masu shi da ba su san sunan rabin yaransu ba. Amma wanda ya ce shi tsohon ɗan wasa ne saboda haka babu abin da za a koya masa, zai maimaita wa yara duk kuskuren da aka yi a kansa ne, har da na ruwan.

Saura maganar da muka fi kauce wa. Duk abin da na faɗa, na maza ne. A ƙididdigar da na ambata 'yan mata sun fi samari rashin motsa jiki, 85 cikin 100, kuma ba sai an kawo min ƙididdiga ba kafin in san yadda abin yake a nan. Makarantun kwana na mata a da suna da filinsu a cikin katanga, da malamarsu, suna ƙwallon raga da ta hannu da tsere, iyaye ba su damu ba don amana tana hannun da suka yarda da shi. Da wannan ya tafi, babu abin da ya maye gurbinsa, domin filin unguwa ba wurin budurwa ba ne, kuma uban da ya ƙi miƙa 'yarsa ga namijin da bai sani ba, ba za a ce ya yi laifi ba. Ƙanwar yaron nan da ta ga yadda wanta ya canza ta ce ita ma tana so. Dattijon ya ce a shirye yake ya tsara musu atisaye, da sharaɗi biyu: a sami malama mace da za ta tsaya a kansu ya koya mata aikin, kuma a sami fili mai katanga. Akwai makarantar mata a kusa da ke da sauran fili a bayan azuzuwa. Iyaye mata kusan goma sun sa hannu a takarda an kai wa shugabar makarantar tun kafin hutu, ta ce sai ta ji daga sama. Yarinyar dai ta sayi igiya tana tsalle a tsakar gida bayan asuba, wanta yana riƙe mata agogo.